Na ziyarci gidan macizai na Nairobi: ashe ba mu fi su bukatar irinsa ba?

Abu Hafsat, Kano

Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya aiki ya kai ni Nairobi, babban birnin Kenya, kuma da yake a ranar ƙarshe ba ni da abin yi sai jiran jirgin dare, wani abokin aikina ɗan ƙasar ya ɗauke ni zuwa babban gidan tarihinsu. A cikin harabar, idan an ɗan gangara daga babban ginin, akwai wani ƙaramin gida da aka keɓe wa macizai da sauran masu jan ciki, kuma masu rai ne, ba busassun fatu da aka cusa wa auduga ba. An buɗe shi a 1961, shekara biyu kafin Kenya ta sami mulkin kai, kuma hukumar gidajen tarihi ta ƙasar ce ke riƙe da shi har yau.

Wurin ba shi da girma. Mai sauri zai zagaye shi cikin rabin sa'a, amma ni sai da na kusa cinye sa'a biyu. Macizan suna cikin ɗakuna ƙanana masu fuskar gilashi, kowane da allo a gefensa mai bayyana sunansa da inda yake rayuwa da ko yana da dafi. Akwai kududdufan kada, akwai kunkuru da guza, akwai kuma sashen kifaye. Na ga macijin nan da ake kira baƙar mamba, na kuma yi mamakin ganin jikinsa ba baƙi ba ne, ruwan toka ne. Ashe cikin bakinsa ne baƙi ƙirin, daga nan sunan ya samo asali. Na ga wata ƙatuwar 'yar uwar kasa da ake samu a kurmi, wadda fiƙarta kan kai santimita 5, babu macijin da ya fi ta tsawon fiƙa a duniya.

Amma abin da ya tsayar da ni shi ne kasa, irin tamu ta gida. Na karanta allon, na leƙa ɗakin, ban ga komai ba sai busassun ganye da ƙasa, har na ɗauka an fitar da ita ne. Sai wani yaro ɗan firamare, cikin ayarin ɗalibai da malamarsu ta kawo, ya nuna mini da yatsa, sannan na ga ashe tana gabana, tazarar da ba ta kai kamu biyu ba, ta miƙe cikin ganyen ba ta ko motsi. Jikina ya yi sanyi, domin na tuna yawan lokutan da na ratsa gonar kakana da silifa a lokacin kaka. Shekaruna sun haura arba'in, amma ban taɓa ganin kasa da rai ba sai a ƙasar wasu. Duk wadda na gani a gida an riga an farfasa mata kai.

Muna da ɗan ƙanin mahaifina da kububuwa ta sara yana ɗaurin damin dawa, ya yi kwana huɗu a gida ana ba shi jiƙe-jiƙe domin ciwon bai yi kama da abin tsoro ba, ranar da aka ɗauke shi zuwa asibiti jini ya riga ya ƙare masa. Allah ya jiƙansa. Shi na yi ta tunawa ina kallon yaran nan suna tambayar ma'aikacin wurin, yana amsa musu a natse.

Tambayata ga wannan zaure ita ce: mu da saran maciji ke ɗaukar mana manoma da makiyaya duk shekara, ashe bai kamata a ce muna da irin wannan ƙaramin gida a Kano ko Gombe ko Jos ba, inda yaro zai ga kububuwa da kasa da kumurci ido da ido, ya san su tun kafin ya gamu da su a gona?

Baban Sadiya, Ɓilliri

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan ɗan uwanka, ya sa ya huta. Malam Abu Hafsat, na girme ka, don haka ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Wannan magana ta mutanen birni ce. Mu a nan ƙasar Tangale ba mu bukatar a gina mana gida mu biya kuɗi mu kalli kububuwa, domin ita ce ke zuwa kallonmu, a ƙarƙashin dami, a cikin kirare, a bakin rumbu. Yaron da ya kai shekara bakwai a ƙauyenmu ya san ƙarar da take yi idan ta naɗe tana goga jikinta, kamar an yayyafa ruwa a tanda mai zafi. Ba rashin sani ke kashe mu ba. Abin da ke kashe mu shi ne nisan hanya, da kuɗin babur, da ranar da za a isa asibiti a ce allurar makarin dafin maciji ta ƙare sai an saya a waje. Idan akwai kuɗin da za a ciyar da macizai a cikin gilashi, a sayo mana allurar da su. Ba banza aka sa wa kububuwa suna gobe da nisa ba.

Malamar Kimiyya, Zariya

Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce a kan allura, kuma babu mai jayayya da wanda abin ke ci a jikinsa. Sai dai ina roƙon ka bar ni in faɗi abin da nake gani a aji. Ina koyar da ilimin halittu a makarantar sakandare, kuma duk shekara idan muka zo babin masu jan ciki sai in tarar da abu guda: ɗalibaina suna tsoron maciji matuƙa, amma ba su san shi ba. Sun yarda cewa da harshe yake sara, alhali da harshen yake ɗauko ƙamshi da wari daga iska ya gane abin da ke kusa da shi. Sun yarda cewa yana jin kiɗan gardi, alhali ba shi da kunne a waje, motsin hannu da girgizar ƙasa yake bi. Sun yarda cewa tsaka na da dafi, cewa hawainiya idan ta ciji mutum sai ya kuturce, kuma duk wannan ba shi da tushe. Hoto a littafi bai taɓa kawar musu da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Ko sanin da ake da shi a karkara, wanda nake girmamawa ƙwarai, yana da giɓi. Akwai wani maciji mai haɗiye ƙwan tsuntsaye, wanda kusan ba shi da haƙori ko ɗaya balle dafi, amma zanen jikinsa ya yi kama da na kububuwa, har yakan naɗe ya goga jikinsa ya yi irin ƙarar da Baba ya kwatanta, domin ya tsorata maƙiyinsa. Akwai kuma wani ƙaramin baƙin maciji mai zama cikin ƙasa, wanda ake rainawa, ana ɗaukarsa da hannu a riƙe bayan kansa, shi kuwa fiƙarsa ta gefen baki take fitowa, sai ya soki yatsan mai riƙon. Na farkon ana kashe shi a banza, na biyun ana wasa da shi har ya jawo asarar yatsa. Da za a ajiye waɗannan biyun kusa da kububuwa a ɗakuna uku a jere, cikin minti goma yaro zai koyi abin da ni nake kasa koyar da shi a zango guda. Gani ya kori ji.

Maman Iman, Gombe

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma na yi shekaru a ɗakin da ake kwantar da waɗanda maciji ya sara. Ina so in gyara wani abu kafin muhawarar ta yi nisa, domin ina tsoron wani ya karanta ya fahimci cewa sai an gane macijin kafin a yi magani. Ba haka ba ne. Mu jikin majinyaci muke karantawa. Idan aka kawo mutum muna ɗibar jininsa kaɗan mu zuba a tsaftatacciyar busasshiyar kwalbar gilashi, mu ajiye ba a taɓawa har minti 20, sannan mu karkata ta. Idan jinin ya daskare, to da sauƙi ta wannan fuskar, sai mu ci gaba da lura muna maimaita gwajin. Idan yana nan tsululu kamar ruwa, a yankinmu kusan ko da yaushe kububuwa ce, kuma allura za a sa ba tare da jira ba. Idan ƙafa ta kumbura ƙwarai tana duhu, hankalinmu kan koma kan kasa ko kumurci. Idan fatar ido ta fara saukowa, magana ta fara sarƙewa, numfashi na wahala, to dafin da ke kama jijiya ne, irin na gamsheƙa, kuma wannan ba ya ba da lokaci.

Na ga mutanen da suka zo mana su biyu daga gida ɗaya, na farko maciji ya sare shi, na biyu kuma ya sare shi ne wajen neman kama macijin don a kawo mana. Na ga wanda kan macijin da aka riga aka datse ya sara, domin kan yakan iya sara bayan an raba shi da jiki. Don Allah kada a bi maciji.

Amma a nan ne kuma na koma bayan Malam Abu Hafsat, ba don ganin macizan kaɗai ba, sai don abin da za a faɗa wa mai kallo yana tsaye a gabansu, lokacin da kunnensa yake a buɗe. Mafi munin ƙafafun da na wanke ba dafi kaɗai ya lalata su ba. Ɗaurin roba ne da aka tamke tun daga gona har jini ya daina zuwa, da tsaga da reza a jikin mutumin da jininsa ba ya daskarewa, da baƙin dutsen da ake mannawa a bakin ciwo a zauna ana jiran ya tsotse dafi, wanda bincike ya nuna ba ya tsotse komai. Abin da ya kamata a yi kaɗan ne: a nisanta daga macijin, a cire zobe da munduwa da takalmi kafin kumburi, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum kada ya taka, a nufi asibiti. Idan kumurci ne ya yi tofi a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take. Saran kububuwa yaudara gare shi: mutum yana zaune yana hira kwana ɗaya, kwana biyu, sai dasashi ya fara jini, sai fitsari, sai cikin kai. Labarin ɗan uwanka, Malam, na gan shi sau da yawa, kuma kwana huɗun nan da aka yi a gida su ne abin da ilimi zai iya ragewa.

Abu Hafsat, Kano

Na gode Hajiya, kin gyara mini tunani. Gaskiya da na fara rubutu na ɗauka babban amfanin wurin shi ne a gane maciji da ido. Yanzu na ga ashe macijin ƙugiya ce kawai da ke jawo mutum ya tsaya, darasin kuwa yana bakin ma'aikacin. Kuma haka na gani a can: yaran ba su tsaya a gaban allo ba, sun kewaye mutumin ne, domin ya ce su tambayi duk abin da suke so. Baba, ban ce a ɗauki kuɗin allura a gina gidan kallo ba, Allah ya kiyaye.

Ummu Yasir, Katsina

Ni tambayata ta addini ce, kuma ina fata malamanmu na zauren za su amsa. Mun tashi muna jin cewa an umarce mu da kashe maciji ko da muna cikin salla. To yaya za a yi Musulmi ya kama shi, ya gina masa ɗaki, ya riƙa ciyar da shi, har ya karɓi kuɗin masu kallo? Zuciyata ba ta kwanta da wannan ba, kuma ba zan so in kai 'ya'yana wurin da ake shakkar halaccinsa ba.

Malam Bazazzage

Malama Ummu Yasir, Allah ya saka da alheri da wannan tambaya. Hadisin da kike nufi tabbatacce ne: an yi umarni da kashe baƙaƙe biyu a cikin salla, maciji da kunama. Hikimarsa a fili take, wato kare rai daga cutarwa, har aka yi rangwamen motsi a cikin salla saboda ita. Akwai kuma hadisin Abu Sa'id al-Khudri game da wani saurayi sabon ango a lokacin yaƙin Khandaƙ, da ya soki maciji a gidansa har shi da macijin suka mutu, wanda a sanadinsa aka yi umarni a yi wa macizan gidajen Madina gargaɗi kwana uku kafin a kashe su. Wannan ya nuna cewa hukuncin ba ɗaya ba ne a kowane hali.

Malaman fiƙihu da suka hana riƙe maciji ko cinikinsa sun kafa hujja da cewa cuta ne zalla babu amfani a cikinsa, kuma daga cikinsu akwai waɗanda suka ce idan ana amfana da shi wajen haɗa magani, to hanin ya kau. A fahimtata, riƙe shi don alfahari ko wasa da rai ko damfarar jama'a ba shi da gurbi. Riƙe shi a wuri tsararre, a hannun masana, don a haɗa makarin dafinsa ko a koyar da mutane yadda za su tsira, wani abu ne daban, domin manufar ita ce dai wadda hadisin farko ya zo da ita.

Sai dai akwai sharaɗi mai nauyi da ba na so a wuce shi da sauri. Duk dabbar da ka tsare, ciyar da ita ya hau kanka. Mun san matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Wanda ba zai iya ba macijin abincinsa da ruwansa da ɗuminsa ba, to kada ya kama shi tun farko.

Ɗan Damagaram

Sannunku da muhawara, daga Nijar nake. Mu a Yamai muna da gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda aka kafa a 1959, kuma shi ma ya haɗa kayan tarihi da dabbobi masu rai a haraba guda, har da kada. Na kai yarana sau biyu, kuma na lura da abin da Malama ta faɗa: a gida ba su tuna allunan ba, amma sun tuna idon kadan. Ƙasarmu ce ma aka tono ƙasusuwan wani ƙaton kada na zamanin da a Gadufawa, cikin hamadar Tenere, wanda kansa kaɗai ya kusa tsawon mutum.

Amma ina so in tuna mana cewa ƙasar Hausa ba ta taɓa rasa masu nuna maciji ba. Gardawa fa? Tun muna yara suke zuwa kasuwa da akwati da ganga, su fito da gamsheƙa ta fasa kai, su rataya mesa a wuya. Ashe wannan ba gidan macizai ba ne mai tafiya da ƙafarsa? Kuma mutanen Daura suna nan da rijiyar Kusugu, baƙi na zuwa daga nesa saboda labarin macijiyar da Bayajida ya kashe. Sha'awar tana nan a jininmu, tsarin ne babu.

Malamar Kimiyya, Zariya

Ɗan uwa, sha'awar tana nan, amma darasin da ake ɗauka a da'irar gardi kishiyar wanda muke nema ne. Yaro yana tashi daga wurin da imani cewa akwai wani garin magani ko laya da idan ya mallaka maciji ba zai sare shi ba, ko ya sare shi ba zai kama shi ba. Sau da yawa kuwa an karye wa macijin fiƙa ne, ko an ɗinke masa baki, sai ya yi 'yan makonni ya mutu da yunwa a nemo wani. Fiƙar da aka karye takan sake fitowa, shi ya sa ake jin mai wasan ma ya rasu a hannun abin wasansa. Sannan ba kowane sara ne ke zuba dafi ba, kuma macizai da yawa ba su da dafin da ke kisa, don haka duk maganin da aka sha a irin wannan hali sai a ce shi ya yi aiki. Mutumin da ya sayi ƙullin nan shi ne zai yi kwana huɗu a gida.

Baban Sadiya, Ɓilliri

'Yata, kin faɗi gaskiya a kan masu sayar da ƙulli, amma kada ki haɗa su duka a kwando ɗaya. Akwai masu kamun maciji da na sani waɗanda ba su taɓa sayar wa kowa magani ba. Idan maciji ya shiga ɗaki da dare su ake bugawa ƙofa, su zo da sanda mai baki biyu da buhu, su san ramin da za su tona da wanda za su bari, su san lokacin da kasa ke haihuwa, domin ita 'ya'ya take haifa da yawa, ba ƙwai take sakawa ba. Wannan ilimi ne, ko da ba a rubuta shi ba. Idan har za a yi wannan gida da kuke magana, kuma na fara sassautowa saboda bayanin Hajiya, to kada a ɗauko mai takarda daga birni wanda bai taɓa riƙe maciji ba a ɗora a kansu. A ɗauki waɗannan mutane aiki, a ba su albashi, a koya musu abin da likita ya sani, su ma su koya wa likita abin da suka sani. Manomi zai fi jin maganarsu da ta kowa.

Mai Harhaɗa Magunguna, Kano

Baba, maganarka ta farko ita nake so in koma wa, inda ka raba tsakanin ciyar da maciji da sayen allura. A haƙiƙa ba su rabu ba, domin allurar daga bakin macijin take farawa. Ana tatsar dafi daga maciji mai rai, a riƙa sa wa doki ko tunkiya kaɗan kaɗan na tsawon watanni har jininsu ya haɗa makari, sannan a ɗebi jinin a tace. Hanyar nan tun shekarun 1890 aka gano ta, a aikin wani likitan Faransa mai suna Albert Calmette, kuma har yau ita ake bi. Muhimmin abu shi ne makarin macijin wata ƙasa ba lallai ya yi aiki a kan na wata ba. Allurar da aka haɗa da dafin macizan Indiya ba a dogara da ita a kan kububuwarmu, kuma irinta ta sha shigowa kasuwannin Afirka ta Yamma saboda arha.

Allurar EchiTAb da aka sani a asibitin saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe, da macizan Nijeriya aka yi ta. An kwashe su da rai zuwa makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Liverpool a Ingila, a can aka tatse su, aka haɗa nau'i ɗaya da tumaki a Wales, ɗaya kuma da dawakai a Kosta Rika, wanda ya haɗa makarin kububuwa da kasa da kumurci. An gwada su a kan majinyata 400 a Kaltungo, aka buga sakamakon a 2010. Ku duba wannan zagaye: macijin namu ne, majinyacin namu ne, amma ɗakin da aka ajiye macijin aka tatse shi yana Turai.

Masana ba mu rasa ba. Likitan nan ɗan Birtaniya David Warrell a Zariya ya yi aikinsa kan saran kububuwa a shekarun 1970, kuma Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero yana cikin waɗanda duniya ke saurara a wannan fanni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji a jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017, tana ƙiyasta mutuwar mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara a duniya, kuma a 2019 ta sa burin rage mace-mace da naƙasa da rabi kafin 2030. Mun kuma ga abin da dogaro da waje ke jawowa lokacin da kamfanin Sanofi na Faransa ya daina yin allurarsa ta makarin dafi mai suna Fav-Afrique, ragowar ta ƙare wa'adi a 2016.

A Kenya kanta akwai misalin da ya fi na Nairobi kusa da bukatarmu. James Ashe, wanda ya taɓa kula da sashen masu jan ciki na gidan tarihin nan, ya kafa gonar macizai ta Bio-Ken a Watamu, bakin teku, a 1980, inda baƙi ke biya su kalla, ana tatsar dafi, ana kuma taimaka wa waɗanda aka sara a yankin. Irin wannan nake so in gani a kusa da Kaltungo ko Zamko ta ƙasar Langtang, inda ake jinyar waɗanda maciji ya sara: ɗakin tatsa a baya inda baƙo ba ya shiga, ɗakin kallo a gaba.

Injiniya Baban Khalil, Kaduna

Duk na ji, kuma ina so abin ya yiwu, amma aikina ya koya mini in tambayi wanda zai riƙe gini bayan an yanke ƙyalle. Na taɓa kai iyalina wani gidan namun daji, ba zan faɗi ko wanne ba, muka tarar da mesa a keji babu ko kwanon ruwa, fatarta ta manne da tsohuwar saɓa, yara na jifanta da tsakuwa don ta motsa, babu mai tsawatarwa. Na fito da baƙin ciki, kuma abin da yarana suka koya ranar shi ne dabba abin jifa ce. Sharaɗin Malam Bazazzage shi ne ainihin matsalar.

Gidan macizai kuma ya fi na sauran dabbobi haɗari. Dole a sami ƙofa biyu tsakanin maciji da waje, da makulli a hannun mutum sananne, da ɗakin kiwon ɓeraye don abinci, da allurar kowane macijin da ke ciki ajiye a firji mai wutar da ba ta ɗaukewa, saboda ma'aikatan. Shawarata, idan za a fara, a fara da kaɗan: macizan yankinmu kawai, kamar iri goma, kada a kawo baƙon da ba mu da makarinsa. Kuma a jingina shi da jami'a ko asibiti, kada a bar shi ya dogara da kuɗin ƙofa.

Abu Hafsat, Kano

Injiniya, na yarda da kai ɗari bisa ɗari, kuma ƙanƙantar na Nairobi ce ma ta sa na ga abin zai yiwu. Ba fili mai faɗi ba ne, ba kuma zaki da giwa ba ne masu cin abincin gari guda. Maciji kan yi mako ko fiye da ɓera ɗaya. Ya haura shekara sittin yana buɗe saboda yana ƙarƙashin hukumar da ke da masana, ba don an kashe masa dukiya ba. Abin da zan ƙara shi ne allunan su kasance da Hausa da ajami da Fulatanci da harsunan yankin, kuma a rataye dogon takalmin roba da tocila da gidan sauro a bango kusa da ɗakin kububuwa da na kumurci, a bayyana cewa yawancin sara a ƙafa ne, kuma kumurci da dare yake shiga ɗaki ya sami mai barci a ƙasa.

Baban Sadiya, Ɓilliri

To, idan haka ne, ina da sharaɗi biyu. Na farko, kada a sa kuɗin shiga ga ɗan makarantar ƙauye da makiyayi, a karɓa a hannun irin su Malam Abu Hafsat. Na biyu, wanda ke Bambam ko Tula ba zai bar gonarsa ya zo kallo ba, sai dai a kai masa. A sami akwatunan gilashi masu makulli da za a ɗora a mota a zaga kasuwanni kafin faɗuwar damina da kuma gab da girbi, lokacin da sara ke yawa, mai kamu yana nunawa, ma'aikacin asibiti yana bayani. Hajiya Maman Iman, ke da kika san ɗakin, idan aka kawo irin wannan mota ranar kasuwarmu, za ki iya tsayawa ki yi wa maza bayani?

Maman Iman, Gombe

Baba, zan tsaya, kuma ba sai mun jira mota ko gini ba. Ranar 19 ga Satumba ce ranar wayar da kai kan saran maciji ta duniya, kuma ta faɗo daidai gab da kaka. Idan za ka yi wa mai unguwa da limami magana su ba mu inuwa a bakin kasuwa, ni zan zo da kwalbar gwajin jini da manyan hotuna, Malama kuma ta turo mana bayanin macizan nan uku da ta ce a jera. Ka gayyato mana mai kamun da ka amince da shi, amma a wannan karo ya zo da sandarsa da buhunsa kawai, babu kowa a ciki.